Gorar Irin Albasa

Uwani ta sauko da 'yar gorar daga ƙusa, ta kai ta kunne, ta girgiza. Haka take yi kullum bayan sallar asuba, tun tana amarya a wannan ƙauye na bakin tafki, kusa da Wara. Da can irin albasa ne ke amsa mata daga ciki, sar-sar, kamar yayyafi a kan jinka. Yau gorar ta yi shiru, kamar jiya.

"Kin ji ya dawo?" in ji mijinta Mamman daga bakin ƙofa, inda yake ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Malam, ka ji da ramukan komarka."

Ita kanta gorar ta girmi Uwani. A kan wani gungu aka haifi Uwani, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, inda iyayenta ke sana'ar su da noman albasa. Shekarar da aka tsare ruwa a Kainji, aka ce kowa ya tashi. Maza suka ɗauki jirage da taru. Innarta ta goya ta, ta rataya gorar nan a wuya, cike da iri da 'yar toka, an toshe bakin da totuwar masara. Gungun ya nutse da tsamiyarsa da kaburburansa. Uwani ba ta san kamanninsa ba, ɗanɗanonsa kawai ta sani: albasa ja, ƙarama, mai sa hawaye tun daga nesa, wadda ke kaiwa damina a rumbu ba ta ruɓe ba.

Irin albasa kuwa ba ya jiran mutum. In ya shekara ba a yafa shi ba, ya mutu. Don haka kowace kaka Inna na ware uwayen albasa, ta sake binne su har su yi fure, ta sussuke, ta cika gora. Da ƙarfinta ya ƙare ta miƙa wa Uwani. Da albasar nan Uwani ta yi miyar gidanta, ta ɗinka wa yara kayan salla, ta riƙe gida shekarar da jirgin Mamman ya kife, ya kwanta jinya. Duk ɗiyar da za a kai ɗakin miji kuma, sai ta ƙulle mata iri a tsumma ta tura cikin kwanonin jere.

Ɗiyarta ta fari, Murjanatu, ta yi gunaguni ranar da za a kai ta Shanga. "Kowa ana sa mishi turare, ni sai baƙin iri?" Uwani ta ji, ta kau da kai. Ɗiyar fari ce: ba ta kiran sunanta, ba ta zama hira da ita, balle ta tambaye ta abin da ta yi da ƙullin. A ranta ta gama cewa an watsa wa kaji.

Sai ga daminar bana. Ruwa ya hau, ya shiga gari, ya kwantar da rumbu da gefe ɗaya na bangon ɗakinta. Rai bai salwanta ba, Uwani ta gode wa Allah. Amma da aka tono gorar daga laka, irin ya tsira a ciki ya ruɓe, uwayen albasa sun zama ruwa. Ta aika wa ƙannen Murjanatu. Ta Yelwa ta ce gidan haya take, ina ta ga ƙasa? Ɗayar ta ce nata ya daɗe da ƙarewa. Ga lokacin yafi ya kama, maƙwabta har sun fara gyaran fangali.

"In na kai kifi Yelwa sai in sawo miki na gwangwani," in ji Mamman. "Albasa ai albasa ce."

"Awo. Ranar da ka ci miyarta ka faɗi haka."

Ya ga idonta, ya koma kan komarsa.

Da hantsi aka yi sallama. Murjanatu ce, ta biyo jirgin kasuwa ta zo jaje, zanenta jiƙe har gwiwa. Ta durƙusa ta gai da ubanta, sannan ta shiga ɗaki ta zauna nesa da uwar.

"Inna, ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ki."

Ta kwance kaya: shinkafa, busasshen kifi, sabulu. Daga ƙarshe ta ciro wata robar man shafawa, ta ajiye a kan tabarma, ta tura da yatsa.

"Ban san ko kuna bukata ba. Na bayan ɗakina ne. Kowa na kishinta a Shanga, sun ce albasata ta cika rashin kunya wajen sa hawaye."

Uwani ta buɗe. Irin albasa ne, baƙi ƙirin, a bushe, har da 'yar toka a kai, yadda innarta ta saba yi.

"Ba a haɗa shi da na kasuwa ba?"

"Ko sau ɗaya. Kowace kaka nike ware uwaye. Ai ina kallonki, Inna, ke ce ba ki kallona."

Mamman ya leƙo ya fashe da dariya. "Turaren ne ya dawo gida!"

Uwani ba ta dubi ɗiyar ba. Ta nannaɗe ganyen masara kamar mazurari, ta ɗura irin a gora a hankali, ta toshe, ta kai kunne. Sar-sar. Ta daɗe tana saurare, leɓunanta na motsi da hamdala. Akwai maganganu cike da bakinta, amma ba irin waɗanda ake faɗa wa ɗiyar fari ba ne.

"Malam," ta ce, "a ce wa baƙuwarka ta canza zane, kada sanyi ya kama ta. Akwai sabo cikin akwati, wanda ban taɓa ɗaurawa ba."

Ta rataya gorar a wuya, ta ɗauki fartanya a bayan ƙofa, ta ɗaga labule ta fita.