Tsaf-tsaf da Ɗakunan da Babu Kowa

Na fara saninsa a shekarar da aka ƙara wa otal ɗinmu hawa na uku. Ni ke kula da teburin karɓar baƙi a lokacin, shi kuwa an ɗauke shi gyaran ɗakuna. Kafin wata ya ƙare an laƙaba masa Tsaf-tsaf, domin in ya shimfiɗa zanen gado, sai mutum ya ji nauyin zama a kai. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya shiga ɗaki sai ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Mai gyaran ɗaki ne," ya ɗan saurara.

Na yi ritaya na bar shi a nan. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, yana kuma iya gaisuwa da harsuna da dama da ya tsinta a bakin 'yan yawon buɗe ido.

Sai annoba ta zo. Jirage suka daina sauka, aka rufe otal, aka ce kowa ya zauna gida. Bayan 'yan watanni matarsa ta kira ni a waya.

"Baba, mutumin naka fa ba daidai yake ba. Ba zazzaɓi, ba tari. Da farko yakan gyara gadonmu, ya yaye, ya sake gyarawa. Yanzu ko tashi ba ya yi. Fuska a bango, abinci sai na yi da gaske. Jiya cewa ya yi mini shi ba shi da sauran amfani."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce ta kai shi wurin likita, ta kuwa kai shi, aka ba shi magani, aka sa masa ranakun zuwa su tattauna. Ni kuma na tuna wani abu na aikinmu. Otal in yana rufe, dole a riƙa bin ɗakuna ana buɗe famfo da tagogi, in ba haka ba ruwa ya lalace a bututu, katifu su yi fumfuna. Na kira manaja, wanda a hannuna ya koyi aiki, na tambaye shi wa ke yin wannan. Ya ce mai gadi ne, in ya tuna. Na ce akwai wanda ba ya mantuwa, ya kuwa amince a ba Tsaf-tsaf aikin.

Ranar farko matarsa ce ta raka shi har ƙofa, da takunkumi a fuskarsa, rigar aikin ta yi masa yawa. Bayan mako biyu mai gadi ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, anya kuwa? Mutumin nan ƙofofi yake bi yana ƙwanƙwasawa, yana sanar da kansa, har jiran amsa yake. Otal ɗin nan ko ɓera ya gudu."

Nan take na nemi matarsa a waya. Sai na ji tana dariya.

"Ku bar shi ya ƙwanƙwasa, Baba. Jiya faɗa ya yi mini wai ban iya naɗe tawul ba, shekara ashirin ina naɗewa. Ya cinye abincinsa, ya leƙa tukunya. Tun da nake ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba."

Na ajiye wayar, na daɗe zaune ina gode wa Allah.

Ba a rana ɗaya ya warke ba. Akwai ranakun da ya koma wa bangonsa, amma washegari famfo na jiransa, sai ya tashi. Da aka sake buɗe otal, baƙin farko sun tarar da ɗakuna kamar jiya aka fita.

Bara uwargidana ta rasu. Bayan masu ta'aziyya sun watse, na rufe tagogi, na daina amsa waya, ban ma san na daina ba. Wata safiya na ji an ƙwanƙwasa.

"Mai gyaran ɗaki ne."

Ya saurara har na ce ya shigo. Ya zuge labule, ya buɗe tagogi, ya yaye zanen gado, ya ɗora ruwan shayi, ya zauna sai da na sha. Tun daga ranar, duk ranar hutunsa yakan zo, kuma har yau bai yarda na iya naɗe tawul ba.