Mai Agogo da Fitilar da Ba Ta Ganinsa

Shekara arba'in da shida Mai Agogo ya yi a wani ɗan shago mai faɗin taku huɗu, tsakanin mai gyaran takalmi da mai wankin hoto. A makarantar mishan aka koya masa zama: baya a miƙe, gwiwar hannu a kan tebur, numfashi a hankali. Da wannan zaman ya ci abinci. In ya maƙala gilashi a ido ya sunkuya a kan agogo, sai ka rantse sassaƙa shi aka yi.

Da aka rushe layin shagunan, autarsa ta ɗauko shi da teburinsa zuwa gidan mijinta. Mijin tayil yake sayarwa, amma tun da ya sabunta gidan yake amsa sunan Injiniya. Ya sa an cire kowane makunnin fitila daga bango, an shafe gurbinsa da siminti. Labule kan rufe kansa da tsakar rana, wai kada zafi ya shigo. A kusurwar kowane ɗaki an liƙa wani farin ƙoƙo mai ido ɗaya: in ya ga motsi ya kunna fitila, in an yi minti uku babu motsi ya kashe.

"Baba, gidan nan tunani yake yi," in ji Injiniya.

"Madalla. Gara da aka samu mai yi."

Ran wata Talata wata tsohuwa ta kawo agogon marigayi mijinta. Labule ya riga ya rufe, fitila na ci. Mai Agogo ya ɗaga wani noti da bai kai kan allura ba a bakin hantsaki, ya riƙe numfashi yana neman gurbinsa. Minti uku suka cika, ɗaki ya yi duhu. Ya ji ɗan ƙaran notin a kan tayil.

A durƙushe Auta ta same shi yana lalube. Fitilar kuwa ta dawo tar, tunda yanzu ta ga tsoho yana rarrafe.

"Baba, hannun ya fara rawa ko? Ka huta haka nan. Gobe sai a kai teburin sito."

"Hannuna bai yi rawa ba. Da ya yi, ai da na ga haske."

Injiniya ya duba wayarsa da fuskar likita. "Na'ura ta nuna tun sha biyu da kwata babu kowa a ɗakin nan."

"To ni wane ne?"

"Ai abu mai sauƙi ne, Baba. Bayan kowane minti biyu ka ɗan yi haka." Ya kaɗa hannu sama kamar mai korar ƙuda.

Mai Agogo ya dube shi. Shekara arba'in da shida yana horar da hannu kada ya motsa, yau ga mai tayil yana koya masa rawa. Ya roƙi a mayar masa da makunni guda. Aka ce an wuce wannan zamanin.

Bai yi musu ba. Ya buɗe akwatinsa, ya fito da tsohon agogon bangon shagonsa, mai lilon tagulla kamar faranti. Ya kafa ƙusa daidai gaban idon ƙoƙon, ya rataye shi, ya murɗa makullinsa ya ba shi wani, ya tura lilon da yatsa. Minti uku suka wuce, goma suka wuce, fitila ba ta ƙifta ba. A gindin ƙafar tebur ya tsinci notin.

Ran Alhamis tsohuwar ta dawo, ta kara agogon mijinta a kunne, ta daɗe ba ta sauke ba. Auta na tsaye a bakin ƙofa, kuma ba ta sake maganar sito ba.

Tun ranar fitilar ɗakin ba ta mutu ba, ko yana ciki ko ba ya ciki. Sau biyu Injiniya yana kiran waɗanda suka ɗaura na'urar, suna duba waya suna ce masa lafiyarta lau, akwai mutum a ɗakin, mai ƙwazo ma kuwa, ba ya zama wuri ɗaya. Mai Agogo dai kowace Litinin, ƙarfe bakwai daidai, yakan hau kujera, ya murɗa makulli, ya ba mutumin wani.