Igiya Ɗaya da Tukunyar Sayadiya

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwan Aƙaba ya san Falah, wanda muke kira Abu Nayif, wato uban Nayif. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Gajere ne mai tumbi, da gashin baki kamar tsintsiya, in yana kiran fasinja har masu shayi na tsallaken titi sai sun waiwaya. Ubansa masunci ne. Da tsohon ya rasu ya bar masa kwale-kwale, Falah ya duba ya ga kifi ya yi wayo, Turawa kuwa ba su yi ba tukuna, sai ya sa aka huda cikin kwale-kwalen aka liƙa gilashi. Daga ranar ya daina kama kifi ya koma nuna shi. Ya zaunar da baƙi, ya kai su kan murjani, su leƙa ƙasa suna ta ihu, shi kuma yana raɗa wa kifaye sunaye da Turancinsa da bai cika cokali ba.

Mutumin kirki ne, wannan ba na yarda a yi mini gardama a kai. Ciwonsa ɗaya, bakinsa. Sauran mutane in musu ya yi zafi su ce wallahi, a wuce wurin. Falah wallahi ba ta isarsa, sai ya jawo aurensa ya ɗora a faifai. "In ba haka ba ne, Ummu Nayif ta saku!" Ita kuwa matarsa Sabha, wato Ummu Nayif ɗin, baiwar Allah, tana can gida tana yankan albasa, ba ta san an kai ta kasuwa ba.

Sau biyu abin yana ritsawa da shi. Na farko hadari ne ya haɗu a kan duwatsu, ya ce wannan hadarin ƙarya ne, Aƙaba ba ta san ruwan sama ba, ya rantse. Ranar aka sheƙa ruwan da ya tafi da kujerun mai shayi. Na biyu tsere suka yi da Awwad, abokinsa tun suna yara kuma abokin hamayyarsa, wanda kwale-kwalensa ke ɗaure kusa da nasa. Injin Falah ya mutu a tsakiyar ruwa, Awwad ɗin ne ma ya jawo shi zuwa gaɓa yana waƙa. Kowane karo Sabha ta ɗaure kayanta ta nufi gidan ubanta, Falah ya yi ta zaryar biko da dattawa da tiren kayan zaƙi na kunafa. A karo na biyu limamin unguwa ya ce ai akwai malaman da ke ganin irin wannan rantsuwa kaffara ta wadatar. Sabha ta ce ita ba ta kwana gidan namiji a kan "akwai malaman da".

"Ni na ƙirga, Abu Nayif," in ji ta ranar da ta dawo. "Biyu sun tafi, saura igiya ɗaya. Ka tsinke ta, ko malaman duniya ka tara mini a tsakar gida ba ka ƙara ganin ƙeyata."

Kowa ya san Sabha, in ta faɗa ta zauna. Falah ya shekara da shekaru yana riƙe da bakinsa, har muka fara cewa ya warke.

Lokacin sanyi ne manyan jiragen ruwa na yawo ke zuwa mana, farare fat, bene kan bene. Jirgi na tsayawa motoci su jeru su kwashe mutane sai wuraren buɗe ido na Batra da Wadi Ram, a bar wa masu kwale-kwale ragowa: masu ciwon gwiwa, masu tsoron rana, da waɗanda barci ya makarar. A kan wannan ragowar ake kokawa. Ran nan Falah ya yi nasarar cafke wasu tsofaffi biyu 'yan ƙasar Denmark, Henrik dogo siriri da matarsa Birgit mai dogara sanda. Ya kai su har inda kunkuru ke kiwo, tsohuwa ta yi ta tafi kamar yarinya. Sai bayan la'asar ya dawo da su.

Awwad tun safe ko mutum ɗaya bai ɗauka ba, cikinsa cike da haushi. Ya tarye su da shayi, ya gaishe su da Turancinsa da ya fi na Falah tsabta, sannan ya juya harshe yadda 'yan bakin ruwa za su ji.

"Ku sha, bayin Allah, ku jiƙa maƙogwaro. Wanda ya ɗauko ku sai dai ya nuna muku kifi ta gilashi. A gidansa ma haka ake cin kifi, a leƙa a tashi."

Wuri ya kaure da dariya. Gashin bakin Falah ya miƙe.

"Ni za ka ci wa mutunci a gaban baƙi, ɗan gidan ƙanzo? To ku shaida! Mutanen nan ba za su bar Aƙaba ba sai sun ci sayadiya daga tukunyar gidana. In suka tafi ba su ci ba, Ummu Nayif ta saku!"

Dariya ta ɗauke ɗif. Awwad kansa sai da kofin shayi ya kusa suɓuce masa.

"Kai, Falah," ya ce a hankali, "jirginsu fa kafin magariba zai tashi."

Falah ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga ta riga ta karkata. Magana kuwa zarar bunu ce. Ya tsayar da tasi, ya tura tsofaffin ciki yana ta ce musu gida, abinci, minti kaɗan. Awwad ya shige gaba, wai shi ne tafinta. A hanya aka tsaya Falah ya fizgi kifi guda a kasuwa, ko tayi bai yi ba, don sayadiya dahuwar shinkafa ce da kifi.

Amma labari a Aƙaba ya fi tasi gudu. Suka tarar da Sabha zaune kan kujera a ƙofar kicin, ta yafa mayafin fita, jaka a gefenta. Ta tashi ta gaida baƙi da fara'a, ta kai su ɗakin baƙi, ta miƙa wa Awwad butar gahawa, ta dawo ta zauna ta harɗe hannu.

"Ummu Nayif, 'yar albarka, ga kifi."

"Na gani. Allah ya sa albarka."

"A taimaka a ɗora. Rana na tafiya."

"Ta tafi mana. Ni ma tafiya zan yi, ka ga sai mu rankaya tare."

"Haba, uwar gida! Awwad ne fa ya zagi girkinki."

"Ya zagi girkina, kai kuma ka rama da ni. Sannu, jarumi. An yi ruwa da ni, an yi tsere da ni, yau kuma shinkafa. Ai tukunyar gidanka ka ce, ga ta can. Ɗora."

A ɗakin baƙi kuwa wani wasan ake yi. Ba wanda ya gaya wa Henrik cewa sai ka girgiza finjali, ɗan kofin nan, ake daina zuba maka gahawa. Yana shanyewa ya miƙa don a karɓa, Awwad ya sake zubawa, shi kuma don kada ya ɓata wa masu gida rai ya sake kurɓewa, har idanunsa suka firfito. Da Birgit ta tambayi abin da ke faruwa a waje, Awwad ya kwashe labari ya gaya musu tas. Henrik ya saci kallon matarsa, ya tambaya ko wannan dokar tana aiki a kan baƙi. Birgit ta ɗana masa sanda a ƙauri.

Falah ya shiga kicin ɗin da rabonsa da shi tun ranar da aka kawo firiji. Ya buɗe nan, ya buɗe can, ya samo albasa da wuƙa. Mutumin da ke sarrafa kwale-kwale da hannu ɗaya a cikin iska, yau albasa ta gagare shi. Ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya ɗauko wata, wuƙa na karkarwa a hannunsa, ya yanki yatsa. Daga tasha jirgi ya saki jiniyarsa ta farko, doguwa, har gilashin taga ya amsa.

Ya ajiye wuƙar. Ya zo gaban kujerarta ya durƙusa, da tumbinsa da komai.

"Sabha," ya ce. Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi ɗansu Nayif. "Ko inda gishiri yake a gidan nan ban sani ba. Ba abin da na sani in ba ke ba. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji."

Ta dubi yatsansa da ya yanka. Sannan ta cire mayafi ta rataya a ƙofa.

"Matsa, kana tare mini hanya."

To sayadiya ba a yi mata gaggawa. Sai albasa ta soyu ta yi duhu ba ta ƙone ba, kifi ya ba da romonsa, shinkafa ta sha ta turara. Ta Sabha kuwa ba a biki a unguwarmu ba a roƙe ta ta sa hannu ba, kuma tunda take ba ta taɓa sauke tukunya kafin lokacinta ba, ko da liman ne ke jira. Ta yi iya saurinta. Tana zuba shinkafa ke nan jiniya ta biyu ta tashi.

Birgit ta dogaro sanda har ƙofar kicin, Awwad na biye yana fassara. Magungunan tsohon suna cikin jirgi, da takardunsu, ba yadda za su yi. Ta rungume Sabha, ta harari Falah, suka fita. Awwad ya bi su don ya kai su tasha, ko kallon abokinsa bai iya yi ba.

Sabha ta ɗaga murfi. Ruwa na nan male-male a kan shinkafa, ko tsotsewa bai yi ba.

"Shi ke nan," in ji Falah. Ya zauna a ƙasa.

Ta mayar da murfi, ta ƙara wuta, ta tsaya a kai tana ƙwafa. Can ta kashe, ta naɗe tukunyar da tawul, ta soke cokali a ɗamara, ta fizgi mayafinta, ta sungume ta.

"Tashi ka nemo mota, malalaci. Zaman makokin wa kake yi?"

A bayan a-kori-kurar maƙwabci suka tafi, shi yana riƙe da ita, ita tana riƙe da tukunya, direba na danna oda kamar an ɗauko amarya. Da suka iso ƙofar tasha motocin Batra duk sun sauke mutanensu sun tafi. Mutum biyu kawai suka rage a cikin shinge. Wani ma'aikacin jirgi mai fararen kaya yana ta yi musu hannu yana nuna agogo, Birgit kuwa ciwon gwiwarta ya tashi ba shiri. Ta yi taku ɗaya ta tsaya, ta jingina da mijinta, ta waiwaya ƙofa.

Ɗan sandan ƙofa ya tare Sabha. "Hajiya, ba a shiga da abinci."

"Ɗana, wa ya ce maka shiga zan yi? Kauce, da zafi."

Ta dire tukunya a ƙasa. Birgit na hango ta gwiwa ta warke, ta jawo Henrik suka dawo bakin shinge. Sabha ta ɗebo cokali ta zura tsakanin ƙarafa, tsohuwa ta buɗe baki ta karɓa. Ta sake ɗebowa ta ba tsohon. Duk wanda ke wurin ya ji shinkafar nan tana garas-garas a haƙoran Henrik. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya ɗaga babban yatsa, idonsa na ƙwalla.

"Kun gani?" Falah ya daka wa ɗan sanda da Awwad da direba tsawa. "Sun ci! Ku shaida sun ci!"

"Mun shaida," in ji Awwad. Ya share goshi, ya sulale ya bar wurin.

Jirgi ya janye a hankali, ya juya hanci ya nufi teku. Su biyu suka zauna a kan dakalin bakin titi, tukunya a tsakaninsu. Falah ya yi gyaran murya.

"Ai ta yi daɗi, Ummu Nayif. Kin ga yadda Baturen ya..."

"Ɗanya ce," ta katse shi. "Kafin isha duk garin nan an ji cewa Sabha ta ba baƙo ɗanyar shinkafa ta cikin shinge. Sunan da na yi shekaru ina tarawa ke nan." Ta gyara mayafinta, ba ta dube shi ba. "Tun da na shigo gidanka kake caca da ni kana dariya. Yau ne kaɗai na ga hannunka yana rawa. Da ban gani ba, da na bar jirgin ya tafi."

Ta tura wa Falah tukunyar da ƙafa, ta miƙa masa cokali.

"Cinye. Ba na komawa gida da ita."

Ya ja tukunya gabansa ya fara ci, garas-garas, hawaye na bin gashin bakinsa. Ita kuma tana zaune tana jiransa har ya kai ƙasan tukunya.