Gashin Agwagin Keziah

Keziah Stroud ba ta taɓa karanta kundin tsarin mulkin Amurka ba, don ko sunanta ba ta iya rubutawa. Agwagi ta sani. A bakin rafi take kiwonsu, a wani ɗan gari na Pennsylvania, ta fige gashinsu ta cusa a katifa da matashin kai. Mace ce gajera mai faɗan tsiya.

Lokacin yaƙin neman 'yanci aka jibge mata sojojin Sarkin Ingila a gida. Suka cinye agwagin, suka kwana a gadonta da takalmansu. Ranar da mijinta Enoch ya ce abin ya isa, ɗaya daga sojojin ya soka masa banati, wuƙar bakin bindiga, a ciki, a gaban murhu. A kan katifar aurensu ya cika. Keziah ta wanke jinin, ta sake kiwo. Da aka kori Turawan Ingila ta ɗauka an gama shiga gidan mutane da ƙarfi.

Sai ga sabon tsarin mulki, gari ya rabu biyu. Asa Pomeroy, mai ɗinkin takalma, maƙwabcinta, shi ne bakinsa bai da linzami. A mashaya yake miƙewa ya ce, “Ina aka rubuta ba za a fasa maka ƙofa ba? Ina aka ce ka faɗi ra'ayinka ka kwana lafiya? Sarki muka kora, ko suna muka sauya masa?”

Mutanen nan kuwa suna da wata mummunar al'ada tun zamanin yaƙi: wanda suka kira maci amana, su tuɓe shi, su shafe shi da kwalta mai zafi, su bulbule shi da gashin tsuntsu, su zaga gari da shi a kan gungume. Kwalta akwai ta a wurin masu keken doki. Gashi kuwa sai gidan Keziah.

Ran nan suka kira Asa maci amana. Da hantsi suka zo gidanta, ƙanin mijinta Lemuel maƙeri a gaba. Can baya ana jan Asa a ƙasa, tsirara, bakinsa na jini.

“Matar yaya, buhu biyu kawai,” in ji Lemuel yana dariya. “Za mu yi wa maƙwabcinki rigar biki.”

“Ka ci gidanku, Lemuel. Ko ƙwara ɗaya ba ka samu.”

“Kai, ku ji tsohuwa! Ke ma ta Sarki ce?”

“A gabanka aka binne yayanka, marar kunya!”

Ta rufe ƙofa ta sa sakata. Da gatari suka sare ta. Keziah ta ɗauki ƙarfen tona wuta ta zabga wa na farko a baki, haƙora suka zube. Wani ya finciki gashin kanta ya buga ta da bango. Buhunan ta riga ta sayar, saboda haka Lemuel ya zaro wuƙa ya farke katifar da Enoch ya mutu a kanta, ya kwashi abin da ke ciki. Wannan ya fi mata dukan ciwo.

Ta rarrafo waje ta tarar an fara. Kwaltar ta tafasa fiye da kima, ihun Asa har agwagi suka watse cikin rafi. Ta kutsa tsakanin ƙafafun maza ta rungumi tukunyar ta kife ta a ƙasa. Fatar hannuwanta ta tafi tare da ita. Kwalta ta ƙare, wasa ya lalace, kowa ya sulale kamar ba shi ba. Asa ya rayu, amma idanunsa sun tafi.

Ita ta yi jinyarsa, da man alade take saɓule masa kwaltar kaɗan-kaɗan, da yatsun da suka ƙanƙance ba su sake miƙewa ba.

Bayan 'yan shekaru aka ƙara wa kundin haƙƙoƙin jama'a. Aka kaɗa ƙararrawar coci, aka gasa bijimi, aka buɗe gangar giya. Keziah ta riƙo hannun Asa suka tsaya a bayan taro. Mai karatu ya hau kan ganga yana ɗaga murya: ba za a hana mutum faɗin ra'ayinsa ba, ba za a jibge wa kowa soja a gida ba, ba za a kutsa gidan kowa haka siddan ba. Jama'a na tafi, har da masu hawaye.

“Keziah,” in ji Asa a hankali, “ai maganata ce wannan.”

“Taka ce, tsaf.”

“Muryar nan fa? Kamar na san ta.”

“Lemuel ne.”

Asa ya laluba ya kama hannunta mai tabo, ya ce, “Mu tafi gida. Agwaginki ba su ci ba.”