Yayana Mai Tsani, Da Koriyar Fitila Ta Ce Ya Hau

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa ka riga mu komawa, Yaya. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, aka sauko da kai daga kan falwayar da ke bakin layinmu, babu rai.

Ka saba in ka shigo gidana sai ka tambayi lafiyar kowa kafin ka zauna, to bari in faɗa maka. Maigida da sauƙi, ƙafar ce dai take tashi. Inna ba ta ci abin kirki ba tun ranar. Matarka da gyaɗa kai kawai take amsa gaisuwa. 'Ya'yanka sun koma makaranta. Ɗana Dogo, wanda ka shigar aikin wuta da hannunka, lafiyarsa ƙalau a ido. Matarsa ta shiga watan haihuwa. Ni kuwa ba sai na faɗa ba.

Ba don kai ba, da ban iya wannan rubutun ba. Furfura ta fara fito mini sa'ad da ka kai ni ajin manya, ka saya mini fensir. In muna dawowa sai ka tsaya a gindin falwaya, ka nuna jan allon ƙarfen da aka kafa a jikinta, ka ce, "To Farfesa, karanta mana." Kalmar farko da na karanta ni kaɗai ita ce Haɗari. Ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Unguwa ba ta manta daminar da wayar wuta ta tsinke kusa da famfo ba. Ba ranar aikinka ba ce, amma ka tsaya cikin ruwa kana korar yara da tsofaffi har motar kamfanin wuta ta iso. Sati guda ka yi kana tari, kana cewa ai wanka kyauta ka samu.

Da kamfani ya kawo sabon tsari, babu wanda ya kai ka murna. Ka ce rana za ta ba gari wuta, hayaƙin janareta zai bar ƙirjin Inna ya huta. Aka jera farantan sola a rufin gine-gine, aka liƙa mana mita mai aika labari ofis da kanta. Na ce ni ban yarda da akwatin da ke kai tsegumi ba. Ka ce, "Ke da kika iya karatu, ai sai ki zama ƙawar mitar."

A da, kowannenku sai ya taɓa layi da sandar gwaji kafin ya hau. Sai kamfani ya karɓe sandunan, ya ce wayar hannu ta isa: in ta nuna koriyar fitila, layi a kashe yake. Dogo ya ce kai ka fara miƙa taka. Ranar Talata an kashe layin daga ofis, fitila ta yi kore, ka hau. Ashe farantan da ke kan sabon ginin shaguna suna turo ragowar wutarsu cikin layin ta baya, kuma ba wanda ya shigar da su kwamfuta. Ɗana yana ƙasa riƙe da tsani.

Mutuwa na yarda da ita, Yaya, wa'adi ba ya wucewa. Abin da ya biyo baya ne nake jin ƙyamarsa. Kana kwance a ƙasa, lulluɓe da zanen wata mai shago, wuta ta dawo unguwa, don na'urar ofis ta sauya mata hanya da kanta. Fankoki suka ci gaba da juyawa. Wayata ta yi ƙara, na duba na ga saƙon kamfani: an gano 'yar matsala a layinku, an magance ta, mun gode da haƙurinku. Ni na karanta shi da idona, da karatun da ka sa na koya. Ranar na yi da-na-sanin iya karatu.

Da manyanku suka zo gaisuwa, da mai ɗaukar hoto suka zo. Babbansu ya miƙa wa matarka fitilar sola mai tambarin kamfani, ya riƙe gefe ɗaya bai saki ba sai da aka ɗauka. Ya ce tsarin bai yi kuskure ba, abin da aka faɗa masa ya nuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, to wa ya kamata ya faɗa masa?" Ya duba agogo. Wani ya matsar da takalman masu gaisuwa don kada su ɓata hoton. Tir.

Ba na gaba da sola. Inna ta daina tarin hayaƙi, gaskiyarka ce. Amma an ce Dogo ya koma aiki ranar Litinin, a kan layin nan dai, da wayar hannun nan, ba sanda.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka fiye da yadda ka haskaka gidajenmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya marayu.

Ku kuma shugabannin kamfani, tambayata biyu ce. Rufin gine-ginen da ke turo wuta ba ku sani ba, kun gano su duka? Kun mayar wa ma'aikata sandunansu? Ku ba ni amsa kafin ranar Litinin, a rubuce, zan iya karantawa. Ɗamarar hawan ɗana da takalmansa suna ƙarƙashin gadona, ɗakin kuma a kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanena.