Kocin Bayan Shagon Walda

Mai walda ne, bai taɓa buga wa wata ƙungiya ƙwallon kwando ba. Wata rana ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, ya kafa a bayan shagonsa, sai yaran unguwa suka mai da wurin filin wasa, suka laƙaba masa Koci. Kullum da yamma yakan kashe inji ya koya musu jifa, har suka zama samari.

Da gwanayen ƙungiyar garin suka watse zuwa ƙasashen waje, shugabanta ya zo shagon a rikice.

"Koci, kowa cewa yake sai mun sayo baƙi. Wai gida ya daina haifar gwanaye."

"Ranka ya daɗe, wa ya shuka ya yi ban ruwa bai ga tsiro ba? Gwada nawa."

Shekarar farko suka sha kashi, har matarsa ta gaji da zolayar maƙwabta. Bai karaya ba. A shekara ta uku suka ɗauki kofi. Samarin suka ɗaga shi sama, yana dariya da hawaye.

"Ku sauke ni, 'ya'yan nan, jiri nake ji!"