Tudun Baba Ƙara-Kauri

Duk abin da ya fito daga hannun Baba Ƙara-Kauri, sai an nemi mutum biyu kafin a ɗaga shi. Mai walda ne, shagonsa na manne da gidansa, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka kawo aikin ƙofa, ya juya ƙarfen da ka sayo, ya taɓe baki ya ce, "A ƙara kauri." Ka kawo ƙafar kujera, a ƙara kauri. Gadon da ya haɗa wa matarsa shekarar aurensu yana nan inda aka fara ajiye shi, don ba a taɓa samun masu ƙarfin matsar da shi ba. In za a yi wa ɗakin fenti, sai dai a zagaye shi.

Amma aikin da ya fi alfahari da shi ba na walda ba ne. Tudun rage gudu ne da ya gina a kan titi, daidai ƙofar gidansa.

Lokacin Auta, ƙaramar 'yarsa, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Wata rana ta bi murfin gwangwani da ya gangara titi, wata mota ta taho a guje, direba ya taka birki, amma sai da gaban motar ya ture ta. Goshinta ya tsage. Baba ya ɗauke ta ya ruga asibiti, tabarau ɗin walda na rataye a wuyansa, bai ma sani ba. Washegari bai buɗe shago ba. Ya sayo siminti da tsakuwa, ya shimfiɗa rodi kamar mai zuba dakin ɗin bene, ya gina tudu daga wannan kwata zuwa waccan. Ba sai an faɗa ba, ya ƙara kauri.

Direbobi sun zage shi, maƙwabta sun yi ƙorafi, Baba ko a jikinsa. Da yamma yakan fito da kujera ya zauna yana kallon motoci suna zuwa da fushinsu, su iso tudun su sunkuya, su hau a hankali. Cewa yake yi gaishe shi suke yi, har hannu yakan ɗaga musu.

Auta ta girma, tabon goshin ya koma ɗan siririn layi da gashi ke rufewa. Ta auri wani yaro mai sanyin hali, ma'aikacin ofis, wanda ba a san shi da wani aibu ba sai mota. Wata ja ce mai ƙofa biyu, irin ta masu son gudu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Ranar da Baba ya fara ganinta ya zagaye ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya tura hannu ya ga yatsu huɗu ne kawai ke shiga.

"Ɗana, wannan tafiya take yi ko rarrafe?"

"Haka ake ƙera su, Baba. Don su kama titi."

"To ai ta kama."

Tun daga ranar sunanta ya zama Ƙadangaruwa.

Zuwansu gidan ya zama abin kallo a layin. Auta ta sauka don a rage nauyi, surukin ya karkata motar ya hau tudun a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, Baba na gaba yana ba da hannu kamar mai shigar da tirela. Haka aka yi ta lallaɓawa har Auta ta haihu. Ran nan suka zo da jaririya tana barci, Auta ta ce ba za ta sauka ba, ga kuma kaya fal a baya. Aka ji ƙuuu daga ƙasa. Kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙarƙashin inji ya daki tudun ya tsage, mai ya malalo har kwata. Surukin ya fito ya tsaya a kai yana cewa, "Ba komai, Baba, ba komai," da fuskar wanda aka yi wa rasuwa.

Bai yi fushi ba, yaron ba ya fushi. Zuwan ne dai ya ja baya. Da duk ƙarshen mako ne, ya koma sai an ga hali, daga nan ya koma waya. Jika ta yi zama, ta yi rarrafe, ta fitar da haƙori, duk a fuskar waya Baba ya gani. Abin ya dame shi ƙwarai. Kewar Auta yake yi, kuma tsoro yake ji kada yarinyar ta tashi ba ta san shi ba sai a hoto.

"Malam, ka fasa tudun nan ka huta," in ji matarsa.

"Tudu bai yi laifi ba. Motar ce ba ta da kauri."

Da ya faɗi haka sai dabara ta faɗo masa. Ya kira surukin ya ce ya kawo Ƙadangaruwa garejin makanikin da ke bakin layi, zai yi mata garkuwa, wato farantin ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙasan inji, in an daki wani abu shi ya sha dukan. Yaron ya zo, ya ce a hankali, "Baba, akwai na sayarwa, na alminiyom ne, marar nauyi."

"Da abin da ake tukunya? Haba ɗana."

Baba ya shiga ramin makaniki ya yi awo. Ya koma shago ya jawo wani farantin ƙarfe da ya rage daga aikin tankin ruwa, ya yanka, ya lanƙwasa, ya duba ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara masa haƙarƙari biyu ta ƙasa. A baro aka kai shi gareji. Makanikin ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya kalle shi, ya mayar da bakinsa ya rufe, ya ɗaure notuna.

Rabin layin ya fito kallon gwaji. Auta na bakin ƙofa da 'yarta a kafaɗa. Baba ya tsaya a kan tudun ya ce, "Taho kai tsaye, babu sauran kaikaice." Abin da bai lissafa ba shi ne, farantin da haƙarƙarinsa sun cinye rabin yatsu huɗun nan, nauyin kuma ya danne gaban motar. Ƙadangaruwa ta taho, ta ɗaga hanci, ta yi wata ƙara mai ta da tsikar jiki, ta zauna daram a kan tudun. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Tayoyi na ta juyawa a banza.

Baba ya durƙusa ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Amma dai kaskon bai fashe ba."

Mai aski ne ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Motoci suka taru gaba da baya suna ta oda. Sai da aka tara majiya ƙarfin layin, har da mai faci da mai wankin mota, aka ciccibo ta baya. Surukin ya shiga gida shan ruwa ya daɗe bai fito ba. Da za su tafi Auta ta ce, "Baba, sai mun yi waya." Kalmar wayar nan ta fi dariyar mutane yi masa ciwo.

Da safe ya fito da babbar guduma. Ya tsaya a kan tudun ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga ya maka. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, kafaɗarsa ta amsa. Ya sake, ya sake. Har rana ta ɗaga, abin da ya ɓantare bai cika tafin hannu ba, ga kan rodi ya leƙo. Matarsa ta kawo masa ruwa ta tsaya tana kallo.

"Wa ya yi wannan aikin ne, Malam? Ya ƙara kauri."

Yana share gumi sai ya hango su daga bakin layi, a ƙafa. Surukin na ɗauke da yarinyar, Auta na biye, makaniki na baya yana turo farantin a baro.

"Baba, ajiye gudumar," in ji surukin bayan sun gaisa.

"Bari in gama, ɗana. Na raba ku da gidan nan saboda taurin kai."

"Jiya Mama ta ba ni labarin tabon goshin Auta. Kullum ina ganinsa, na ɗauka faɗuwar yarinta ce." Ya sauke 'yar, ta tsaya da ƙafafunta tana tangaɗi, ta yi taku ta kama wandon kakanta. "Ta fara tafiya, Baba. Kuma titinmu ya fi wannan gudu. Irin wannan tudun nake so a ƙofar gidanmu, an ce mu nemi izini, na ce in an bayar kai za ka yi."

Baba ya kalli yarinyar, ya kalli goshin uwarta. Ya yi gyaran murya.

"To Ƙadangaruwa fa? Ta ina za ta shiga gida?"

"Ta kwana a waje. Nan ma mai aski ya ce mu riƙa ajiye ta a gabansa, mu ƙaraso a ƙafa."

Farantin bai yi asara ba, an rufe kwatar ƙofar gida da shi, kuma har yau ba wanda ya iya ɗaga shi. Baba ya jingine gudumar, ya ɗauki jikarsa, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya juya wajen Auta.

"Me kuke ba ta ne? A ƙara kauri."